Yadda Ake Ɗora Windows da Lasisin Ɗori Ba Tare da An Yi Asarar Lasisin Ba

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, da wuya mako ya wuce ban samu wanda ya kawo mini laftof ɗinsa da koke iri ɗaya ba. Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina ne suka fi yawa, sai 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda masu aiko da hoton sikirin ta waya, sai kuma alhazai da masu Umara da suka sayi kwamfuta za su kai wa 'ya'yansu tsaraba. Maganar ba ta wuce: "Malam, na sayi lambar lasisin Windows, na yi fomatin, amma ta ƙi karɓa." Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta aikin daki-daki.

Akwai lasisi cikakke, wanda shi kaɗai ya isa ya tsayar da Windows a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganin Windows ba. Akwai kuma lasisin ƙarin matsayi, wanda nake kira lasisin ɗori, don ɗora shi ake yi a kan wani da ya riga ya zauna. Kamar bene ne, sai da ginin ƙasa. Hawa daga Windows 10 zuwa 11 ɗori ne, kyauta. Hawa daga Home zuwa Pro ɗori ne, na kuɗi. Windows ɗin da kamfanoni da makarantu ke saya a dunƙule ma ɗori ne. Duk wanda ya rushe ƙasan kafin benen ya zauna, shi ne mai zuwa da kuka. Saboda haka jerin aikin shi ne: a gane na ƙasa, a tabbatar da shi, a ɗora, a ga ya kama, sannan a yi fomatin in har ana bukata.

Kayan da za ka tanada

Filash mai gigabait 8 ko sama, wanda babu abin da kake so a cikinsa, domin za a share shi tas. Faifan ajiya na waje, ko wani filash babba na kwashe fayiloli. Cajar laftof a jone tun daga farko har ƙarshe. Intanet na gida ko na masauki, saboda fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, sabuntawar da za ta biyo baya kuma za ta ci nata. In da datar STC ko Mobily ko Zain ta waya za ka yi, duba ragowarka tukuna. Sai asusun Microsoft da kake tuna kalmar sirrinsa, da takarda da biro. Ka ware wa aikin yini guda da ba ka da jarrabawa ko aiki washegari.

1. Gano abin da ke cikin kwamfutar

A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka kada ka yi sauri.

Danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta winver, ka danna Enter. Akwatin da zai fito zai gaya maka Windows 10 ne ko 11, kuma Home ne, ko Home Single Language, ko Pro, ko Education, ko Enterprise. Rubuta sunan a takarda yadda ka gan shi.

Daga nan shiga Settings. A Windows 11 ka bi System, sai Activation. A Windows 10 ka bi Update & Security, sai Activation. In kwamfutarka da Larabci take, Settings shi ne Al-I'idadat, shafin da kake nema kuma At-Tanshiɗ. Abin da kake so ka gani shi ne an ce Windows ɗin a kunne yake (activated, wato lasisinsa ya kama) da lasisin dijital, wanda Microsoft ke riƙe wa kwamfutar a na'urorinsa.

Amma wannan shafin bai isa shaida ba. Koma kan Windows da R, ka rubuta slmgr /dli. Jira kaɗan, wani ƙaramin akwati zai fito, a layin Description za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan. OEM: lasisin da kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya dasa mata, nata ne har ta mutu, ba ya ƙaura zuwa wata. RETAIL: wanda aka saya daban, ana iya mayar da shi kan wata kwamfutar in an cire shi daga ta farko. VOLUME_MAK ko VOLUME_KMSCLIENT: na ma'aikata ne ko makaranta.

Gargaɗi: in ka ga VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar da kai ka saya da kuɗinka, ba wurin aiki ya ba ka ba, to kusan tabbas na jabu aka saka maka. Irin wannan kunnawar ta kwana 180 ce, sai a sabunta, kuma ba ta zama ginin ƙasa da za a ɗora komai a kai. Rubuta slmgr /xpr ka gani: lasisi na gaskiya zai ce an kunna na dindindin, wannan kuwa ranar ƙarewa zai nuna maka.

A watan da ya wuce wani ɗalibi ɗan shekarar farko ya kawo mini wata HP ta hannu da ya saya a wani shago. Mai shagon ya buɗe masa Settings ya nuna masa Pro a kunne, ya ce masa "asli, asli", har ya ƙara masa kuɗi a kan haka. Da muka duba, KMS ne. Yaron ya yi shiru yana kallon sikirin, ya ce, "Yaya, to kuɗin guzurina fa na wata biyu ne." Allah ya taimake shi, da muka leƙa ciki muka tarar da lasisin Home na asali yana nan a dashe, an dai rufe shi ne da na jabu. Ga yadda ake leƙawa: danna dama a kan Start, buɗe PowerShell ko Terminal, ka rubuta wannan layin:

(Get-CimInstance -ClassName SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In lamba mai haruffa 25 ta fito, rukuni biyar-biyar, to kwamfutarka tana da nata lasisin daga masana'anta. Kwafe ta a takarda. In layin ya dawo fayau, babu.

Gargaɗi na biyu: a kasuwannin nan ana sayar da sababbin laftof masu rahusa da aka rubuta DOS a jikin farashinsu, ko "bidun nizam tashgil". Ma'anarsa babu Windows a ciki kwata-kwata. Irin wannan lasisin ɗori ba zai yi mata komai ba, cikakke za ka saya. Ka haɗa kuɗinsa da na laftof ɗin tun a shago kafin ka yanke hukuncin cewa ta yi araha.

Gargaɗi na uku: lambar Windows 7 ko 8 ta tsohuwar laftof ta daina aiki a kan Windows 10 da 11. Shekaru da dama tana yi, amma Microsoft ya rufe wannan ƙofar a watan Satumba 2023. Kwamfutar da ta riga ta hau kafin lokacin tana nan da lasisinta na dijital. Sabon hawa ne babu.

2. Duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11

Wanda Home zuwa Pro kawai yake nema, ya tsallake nan.

Sauke manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft, ka danna Check now. Abubuwan da take dubawa: ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, TPM 2.0 (ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfutar), Secure Boot (tsaron lokacin tashinta), da firosesa da ke cikin jerin da aka amince da shi, wato galibi Intel daga zubi na 8 zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000. Ni dai ba na ba kowa shawarar zama da gigabait 4. A kan takarda ya isa, amma a aiki kwamfutar ja za ta riƙa yi. Takwas ne mafi ƙaranci mai daɗin aiki.

In TPM ta yi ƙorafi a kai, sau da yawa yana nan, a kashe ne kawai. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka nemi PTT in Intel ce, fTPM in AMD ce, ka kunna. In Secure Boot ne, rubuta msinfo32 ka dubi layin BIOS Mode. UEFI lafiya lau. Legacy kuwa yana nufin sai an juya tsarin faifan da umarnin mbr2gpt kafin a sauya BIOS.

Gargaɗi: kada ka sauya BIOS daga Legacy zuwa UEFI kai tsaye ba tare da juya faifan ba, kwamfutar ba za ta tashi ba. In ba ka saba ba, wannan gaɓar ka kai wa mai gyara.

In firosesar ce ta tsufa, akwai dabarun tsallake binciken, amma Microsoft bai yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan kwamfutocin ba. Wanda bai shirya sauya kwamfuta ba yana iya shiga shirin ESU, mai ci gaba da ba Windows 10 facin tsaro har 13 ga Oktoba 2026.

3. Ɗaure lasisin a asusunka

Shiga Settings, Accounts, Your info. In da asusun cikin kwamfuta kawai kake shiga, zaɓi shiga da asusun Microsoft. Koma shafin Activation. Yanzu ya kamata rubutun ya ƙaru, ya ce lasisin dijital ɗin a haɗe yake da asusunka.

Ka tabbata asusun naka ne. Da yawa daga cikin 'yan'uwa mai shago ne ya buɗe musu asusu da imel ɗin da ba su ma san shi ba, ko kuma lambar wayar da ke kai tsohon layin Najeriya ne ko na Nijar da ya daɗe da mutuwa. Ranar da aka turo lambar tabbatarwa zuwa wancan layin, shi ke nan an rufe ka a waje. Gyara wannan yau, ka saka layinka na Saudiyya da imel na biyu.

Tun kana nan, buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a waya ko a wata na'ura. In ka ga lamba mai alƙaluma 48, makullin BitLocker ne, wato faifanka a kulle yake da sirri ko da ba ka sani ba. Kwafe shi a takarda. Taɓa TPM ko BIOS na iya sa kwamfutar ta tashi da shuɗin sikirin tana neman wannan lambar, kuma babu mai gyaran da zai iya buɗe maka fayilolinka in babu ita.

4. Kwashe kayanka

Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk foldar da ka ɓoye a cikin C. Ɗalibi ya kula da fayil ɗin risalarsa, da littattafan da ya tara a Maktaba Shamila, da darussan da ya ɗauka da murya. Kalmomin sirrin da burauza ke riƙe maka, ka tabbata kana da su a wani wuri. In kana da Office na kuɗi, ka san asusun da yake kai.

Bayan ka kwafe, buɗe fayil uku ko huɗu daga kan faifan wajen ka ga suna buɗuwa. Sannan ka zare shi ka ajiye nesa da teburin.

5. Sayen lasisin

Daga 10 zuwa 11 ba a biyan ko halala. Home yana komawa Home, Pro yana komawa Pro. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin lasisi a kan wannan, kuɗin aikinsa kawai ya halatta ya karɓa.

Home zuwa Pro kuwa, hanya mafi tsabta ita ce daga cikin kwamfutar: shafin Activation, Upgrade your edition of Windows, sai Open Store. Farashinsa a Amurka dala 99 ne, wato wajen riyal 370 a canjin 3.75, kuma ka tuna a nan akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan saye. Cikakken Pro dala 199 ne da 'yan kai, cikakken Home dala 139. In Home ɗinka ba a kunne yake ba, kada ka sa ran farashin ɗori. Shi ya sa mataki na farko ya zo da farko. Wanda ya saya ta Store ba za a ba shi lamba ba, lasisin dijital ne ke shiga kai tsaye. Ƙasar da ke kan asusunka ta dace da ƙasar katin bankinka, in ba haka ba biyan zai yi ta faɗuwa.

Ka tambayi kanka tukuna ko kana bukatar Pro. Abin da ya ƙara shi ne cikakken BitLocker, shiga kwamfutarka daga nesa ta Remote Desktop, Hyper-V mai tayar da wata kwamfuta a cikin taka, da haɗa ta da tsarin ofis. Mai rubutu da karatu da kallon darasi Home ya ishe shi, sauri kuma ɗaya ne. Sai dai akwai wani dalili da ya shafe mu mazauna nan musamman. Laftof da yawa suna zuwa da Home Single Language, wanda harshe ɗaya tak yake yarda da shi. Alhaji ya saya wa ɗiyarsa laftof, aka kunna masa ita da Larabci a shago, aka isa Kano ko Damagaram yarinya ba ta gane komai, kuma babu wurin sauyawa. Hawa Pro yana buɗe wannan. Amma wanda harshen kawai ya dame shi, yana iya sake saka Single Language ɗin da Turanci ta hanyar fomatin, lasisinsa na asali zai kama ba tare da ya biya komai ba.

Gargaɗi: lambobin riyal 15 da 20 da ake tallatawa a intanet, araha ba ta ado. Akasarinsu na kamfanoni ne da aka tsinka ana sayar wa mutane barkatai, ko lamba ɗaya da aka sayar wa mutum da yawa. Tana iya kamawa yau, ranar da ka yi fomatin ta ƙi. Ban da haka, haƙƙin wani ne, kuma mutumin da ke rubuta risala a kan fiƙihun ciniki bai dace a ce da kayan shubuha yake rubuta ta ba. In a kanti za ka saya, je manyan da aka sani irin su Jarir ko eXtra, ka karɓi fatura ka adana.

6. Yin ɗorin daga cikin Windows

Kada ka tayar da kwamfutar daga filash a wannan matakin. Daga cikin Windows mai aiki ake ɗori, don ya ga lasisin da ke ƙasa.

Daga 10 zuwa 11: fara da Windows Update, ka saka duk abin da ke jira. In tayin Windows 11 ya fito a nan, karɓa. In bai fito ba, je shafin sauke Windows 11 na Microsoft ka ɗauki Installation Assistant. Yana son gigabait 9 a sarari. Hanya ta uku ita ce sauke fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin gaba ɗaya a fayil guda, ka danna shi sau biyu, ka buɗe setup, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji.

Gargaɗi: a hanya ta uku, harshen ISO sai ya zama daidai da harshen da aka fara saka Windows ɗin da shi, ba wanda kake gani a sikirin yanzu ba. Kwamfutar da asalinta Larabci ce aka ɗora mata Turanci daga baya, in ka kawo ISO na Turanci za ka ga zaɓin barin manhajoji ya dushe, ba ya dannuwa. Ko Turancin ma biyu ne, na Amurka da na ƙasa da ƙasa, kuma ba sa maye gurbin juna. Don ka sani, buɗe PowerShell ko Terminal a matsayin mai gudanarwa (Admin) ka rubuta dism /online /get-intl, ka dubi layin Default system UI language. ar-SA Larabci ne, en-US na Amurka, en-GB na ƙasa da ƙasa.

Aikin na iya cin awa ɗaya ko biyu, kwamfutar za ta mutu ta tashi sau da yawa. Ko ka ga lissafin ya tsaya a wuri ɗaya, bar ta. Ɗora ta a kan tebur kusa da sanyin AC, kada ka bar ta a kan katifa ko bargo, zafin nan kaɗai ya isa ya kashe ta a tsakiyar aiki.

Daga Home zuwa Pro: in ta Store ka saya, da kansa zai fara, mintuna kaɗan ne. In lamba gare ka, shafin Activation, Change product key, ka shigar. In kwamfutar tana cikin S mode, wato yanayin da manhajojin Store kaɗai ke shiga, fita daga ciki tukuna ta Store. Kyauta ne, amma ba a komawa.

Wani lokaci lambar Pro ta gaskiya ce amma Home ya ƙi ta, ya nuna 0xC004F050. Mafita ita ce a fara sauya nau'in da lambar gama-gari ta Microsoft. Kashe Wi-Fi, shiga Change product key, ka saka VK7JG-NPHTM-C97JM-9MPGT-3V66T. Kwamfutar za ta koma Pro ta sake tashi. Kunna intanet, ka koma ka saka taka lambar.

Gargaɗi: wannan lambar gama-garin ba lasisi ba ce, ba ta kunna komai. Wanda ya saka ta alhali ba shi da lasisin Pro, ya bar Home mai kunne ya koma Pro marar kunne, kuma dawowa sai da fomatin. Na ga mutum uku da wannan ya faru da su saboda wani bidiyo da suka kalla.

7. Tabbatar ya kama

Koma Activation ka ga Active, ka sake slmgr /xpr ka ga dindindin. Kashe kwamfutar, kunna, sake dubawa. A wannan lokacin ne na'urorin Microsoft suka rubuta cewa wannan kwamfutar tana da wannan nau'in, kuma daga yanzu ko faifan ka canza za su gane ta.

In Windows 11 bai yi maka ba, kana da kwana 10 ka koma ta System, Recovery, Go back. Kada ka goge foldar Windows.old a cikin kwanakin nan, ita ce hanyar komawar.

Mafi yawan mutane a nan aikinsu ya ƙare.

8. Fomatin, ga mai bukata

In kwamfutar ta hannu ce ba ka san abin da aka zuba mata ba, ko an taɓa saka mata manhajar kunnawa ta jabu, ni ina ganin wankewa tas ya fi.

Sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kaɗai, ba daga tashar Telegram ba, ba kuma filashin shago ba. Cire alamar da ke kan zaɓin da ya ba ka in kana son wani harshe, ka zaɓi USB. Kafin ka goge komai, sauke direban Wi-Fi na laftof ɗinka daga shafin kamfaninta ka jefa a filashin, domin Windows 11 yana neman intanet tun wajen saiti, wani lokaci kuma bai san katin Wi-Fi ɗin ba. Wayar USB daga wayarka ma tana iya ba ta intanet in an matsu.

Tayar da ita daga filash: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a Asus. In an tambaye ka lamba, danna I don't have a product key. In jerin nau'o'i ya fito, zaɓi daidai wanda ke kunne a mataki na 7. Home da Home Single Language da Home N duk daban suke, lasisin ɗaya ba ya kunna ɗaya.

A shafin faifai ka natsu. Goge ɓangarorin faifan da Windows ke kai kawai, ka zaɓi sararin da ya rage. In kana da faifai biyu, ka bambance su da girmansu. In babu faifan da ya bayyana sam, a laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama yawanci direban Intel RST ne babu. Sauke shi ka loda ta Load driver.

Ga inda mutane ke firgita: ka biya kuɗin Pro, ka yi fomatin, sai ga Home ya dawo ba a ma tambaye ka ba. Kuɗinka bai tafi ba. Mai sakawar ya karanta lambar masana'anta da ke dashe ne ya bi ta. Shiga da asusunka, je Activation, ka danna Troubleshoot in ya bayyana. In bai mayar da kai ba, saka waccan lambar gama-garin. Da yake kwamfutar ta riga ta mallaki Pro, da ta ga intanet zai kama. Mai lamba tasa kuma ya sake shigar da ita.

9. In ta ƙi kunnuwa

Fara da agogo. Kwanan wata ko lokaci in ya karkace, za ka ga 0x80072F8F. Saita yankin lokaci a kan Kuwait, Riyadh, ka danna Sync now. Sau da yawa tsofaffin laftof ƙaramin batirin agogonsu ne ya mutu.

0xC004F050: lambar ba ta dace da nau'in da ke kai ba, ko an yi kuskuren harafi. B da 8, G da 6, su ne ke ruɗar ido. Ka kuma tabbata kibod ɗin ba a Larabci yake ba lokacin da kake bugawa.

0x803F7001 ko 0xC004F213: ba a samu lasisi a kan wannan kwamfutar ba. Ko nau'in da ka saka ba shi ba ne, ko an canza babban allon ciki (motherboard). In gyara aka yi aka canza allon, danna Troubleshoot, ka zaɓi I changed hardware on this device recently, ka nuna kwamfutar a jerin da ke asusunka. Amfanin mataki na 3 ke nan.

0xC004C008: an yi amfani da lambar a kwamfutoci fiye da ƙima. 0xC004C003: an toshe ta. Waɗannan biyun, in daga masu rahusa ka saya, koma wurinsu ka nemi kuɗinka; in daga wuri na gaskiya ne, buɗe manhajar Get Help ka yi magana da Microsoft da faturarka a hannu.

0xC004F074: Windows yana neman uwar garken KMS ta wata ma'aikata. In kwamfutar ofis ce, haɗa ta da intanet ɗin ofis ko ka kira mai kula da na'urorinsu. In taka ce, ragowar na jabu ne, koma mataki na 8.

0xC004F061 kuwa masu tsohon Windows 7 da 8 ne ke ganinsa: lambar ɗori ce aka saka a faifan da babu Windows a kansa. Maganinsa a mayar da tsohon Windows ɗin, a kunna shi, sannan a ɗora daga ciki.

10. Kafin ka rufe

Bar Windows Update ya gama zagayensa har sai ya ce babu saura. Sake leƙa shafin makullin BitLocker, domin sabon saka Windows 11 yakan kulle faifan da sabon makulli, tsohon da ka kwafa ba zai yi ba. A Time & language ka ƙara kibod na Larabci, da na Hausa don ƙ da ɗ da ɓ; maɓallin Windows da Space ne ke juya su.

Mai tafiya da kwamfutar gida, ya yi duk wannan tun yana masauki a Makka ko Madina, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ya wadata. Ya saka asusun wanda zai riƙe ta, ba nasa ba. Takardar da aka rubuta nau'in Windows, lamba mai haruffa 25 da makulli mai alƙaluma 48, a haɗa ta da fatura a sa cikin jakar fasfo, kada a bar ta a kwalin laftof, don kwali shi ake fara yarwa wajen awon kaya a filin jirgin Jidda.